Warin Bakin Kada

Litinin, 2 ga Oktoba

Na iso Hyderabad. Kwana ɗaya da yini a jirgin ƙasa, kusa da wani mutum da ya yi wanka da turaren gwangwani. Har yanzu yana maƙale a maƙogwarona.

'Yata Nuzhat ta tare ni a tasha. Ta rame. Ta ce aiki ne. Ta fizgi akwatin kwalabena kamar buhun albasa, sai da na daka mata tsawa a gaban mutane. Ba haka na so mu fara ba.

Bari in rubuta abin da ya kawo ni, don in na yi nadama in san wa zan zarga. Kamfanin da take wa aiki na gina wani wasa a filin shaƙatawa da ke bayan gari, daga katun ɗin yara na wani ɗan ɓauna mai suna Pakku. Mutane za su zauna a kwalekwale su ratsa cikin labarin, ruwa ya fantsamo musu, iska ta kaɗa su, su kuma shaƙi ƙamshin wurin. Ita ce mai kula da injinan ruwa da iska da ƙamshi. Wasu 'yan ƙasar waje sun fara aikin ƙamshin sun kasa. A waya ta ce, "Abbu, ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko suke so. In ba kai ba, wa zai yi?" Da wannan ta kamo ni. Shekara arba'in da ɗaya ina dafa gasasshen yumɓu a tukunyar tagulla a garinmu Kannauj ina tatso wannan ƙamshin cikin man sandal, ban taɓa jin ta yabe shi ba sai ranar.

Talata, 3 ga Oktoba

Na ga wurin. Ƙaton rumbu ne ba taga, warin fenti da roba da gumin leburori. An shimfiɗa dogo a cikin wani rami mai ruwa kore, kwalekwalen na bi ta kai. Bishiyoyin roba, gajimaren auduga, ƙauyen kwali. Pakku na tsaye a bakin ƙofa, tsawonsa ya fi nawa, ido ɗaya bai riga an saka masa ba, wayoyi na leƙowa ta ramin.

Shugaban aikin, Vamsi Kondapalli, yaro ne da bai wuce talatin da biyar ba, sanye da gajeren wando a wurin aiki. Ya rungume ni ba tare da na miƙa hannu ba. "Ustad Tauqir! Sarkin hanci!" Sannan ya ba ni takarda. Abu biyar:

Ƙasa bayan ruwa. Alkakin jalebi a cikin mai. Laka. Bakin kada. Gyatsar kada.

Na karanta sau biyu. Na ce wane kada? Ashe a tsakiyar tafiyar wani kada mai suna Magru zai haɗiye kwalekwalen da mutanen ciki, su ratsa cikinsa, sannan ya yi gyatsa ya watso su waje. Vamsi na bayani yana tsalle. "Ina so su ji kamar za su mutu, Ustad. Su fito suna zagina, su sake shiga layi."

Na juya na kalli Nuzhat. Ta tsura wa wayarta ido.

A mota ta ce, "Da na faɗa maka ai ba za ka zo ba." Na ce ƙwarai kuwa.

Alhamis, 5 ga Oktoba

Komai na garin nan da tsamiya ake dafa shi. Har wake.

Lahadi, 8 ga Oktoba

Sun ba ni wani ɗaki kusa da banɗakin ma'aikata, wai ɗakin gwaji. Na buɗe kwalaben da 'yan ƙasar wajen suka bari. Wanda aka rubuta wa "ruwan sama" warin sabulun wanke bene yake. Wanda aka rubuta wa "kada" kuwa, da na ɗaga murfin sai da na fita na tofar da yawu. Mushen ɓera ne a cikin kwalba, ba wani abu ba. Wani ya zauna ya haɗa wannan, aka kira shi gwani.

Nuzhat ta tilasta min kallon katun ɗin, wai in san labarin. Na yi minti goma. Ɓauna na tuƙa jirgin fito, yana magana da muryar yarinya. Na ce a kashe.

Laraba, 11 ga Oktoba

An zuba turaren ƙasa bayan ruwa, wanda na zo da shi daga gida, a injin. Na tsaya na ga bututun ƙarfe ya fesa shi, fuuu, kamar maganin sauro. Daƙiƙa huɗu, sannan wata fanka a rufi ta zuƙe shi ta fitar ta bayan gini, inda motocin shara ke tsayawa. Kwana ashirin da biyu na yi ina tatsar abin da ke cikin kwalbar nan. A gida ɗigo ɗaya ake sa wa a bayan hannu, ya kwana ya wuni tare da mutum.

Vamsi ya shinshina ya ce, "Yana da kyau, amma ba ya ihu. Za a iya sa shi ya yi ihu?"

Na ce ƙasa ba ta ihu. Ya yi dariya ya ce zai sa a rubuta wannan a jikin riga a sayar.

Asabar, 14 ga Oktoba

Na fara kadan. Ruwan busasshen kifi, ruɓaɓɓen kabeji, ɗan man kitse da ya lalace. Ina haɗawa ina neman gafarar mahaifina. Hannun da ya koya wa tsinkar wardi kafin rana ta taɓa shi, yau shi ke dama ƙarni da cokali.

Na wanke hannu sau bakwai kafin la'asar. A masallaci mutumin da ke damana ya matsa.

Abin da ya fi tsorata ni: da yamma na buɗe kwalbar yasmin don in wanke hancina, ban ji komai ba sai da na shaƙa sau uku. Ban faɗa wa kowa ba.

Alhamis, 19 ga Oktoba

Vamsi ya ce warin nawa na da ladabi da yawa. Ya ce a ƙara masa na kwalbar mushen ɓera, rabi da rabi. Na ce ban yarda ba. Ya dafa kafaɗata. "Ustad, kai ka san hanci, ni na san 'yan kallo." Nuzhat ta ce masa fankar ba za ta iya kwashe shi cikin lokaci ba, zai bi kwalekwalen har ɗakin jalebi. Ya ce ta ƙara wa fankar gudu, aikinta ke nan.

Za a buɗe ranar bikin Diwali. Kowa na yawo da jajayen idanu.

Asabar, 21 ga Oktoba

Gwajin farko, da 'ya'yan ma'aikata. Yara ashirin da huɗu, an yi musu wanka an shafa musu mai a kai, iyayensu na ɗaukar hoto.

Ina tsaye a bakin fita. Na ji ihun murna lokacin ruwan sama. Sai na ji wani irin shiru. Sai kuka.

Kwalekwale na farko ya fito, yara uku sun yi amai a jikinsu, ɗaya ta yi a kan ƙanenta. Wata 'yar mai shara, ba ta fi shekara biyar ba, ta ƙanƙame ƙarfen kujera ta ƙi saki, sai da uwarta ta ɓamɓare mata yatsu ɗaya bayan ɗaya. Warin ya biyo su har waje, ya haɗu da zaƙin jalebi da na aman. Ban taɓa shaƙar abu mai muni irin wannan ba, kuma rabinsa daga hannuna ya fito.

Masu kamfanin suna wurin. A gabansu Vamsi ya ce matsalar fitar da iska ce, sashen Nuzhat. An ba ta mako biyu, in bai gyaru ba a cire ƙamshin gaba ɗaya, a cire ta tare da shi.

Ni kuma ban buɗe baki ba. Ina can gefe ina toshe hanci da hankici.

Lahadi, 22 ga Oktoba

Mun yi faɗa a kan abincin rana.

Na ce zan koma gida. Na ce ta jawo ni cikin ƙazanta, ta sa na zubar da sunan gidanmu a cikin bakin kadan roba. Ta ce sunan gida ne ya dame ni, ba yaran ba, ba ita ba. Sai na faɗi abin da bai kamata ba. Na ce da tana da hanci da ba ta karɓi wannan aikin ba, tun tana ƙarama ba ta iya bambance wardi da sabulu.

Ta ajiye cokali a hankali. "Na sani, Abbu. Ina shekara tara ka gwada ni da kwalba uku, na faɗi, ka ce in koma wajen Ammi in taya ta tsintar shinkafa. Ban sake taka ɗakin tukwanen turare ba. Ka ɗauka na manta?"

Ni na manta.

Ta tafi aiki, yau Lahadi. Na haɗa kayana.

Talata, 24 ga Oktoba

Babu kujera a jirgi sai Juma'a. Na je in kwashe kwalabena.

A ɗakin shan shayi na ma'aikata na tarar da wata tsohuwa cikin farin sari, da sanda, tana zagin shayin a bayyane. Ta dube ni ta ce, "Kai ne mai warin?" Na ce ni mai turare ne. Ta ce, "Ni ma da mai zane ce. Zauna."

Sulochana ce, wadda ta ƙirƙiro Pakku. Kowa Amma yake ce mata, wato uwa. Shekara goma sha tara tana zana shi kafin ta sayar wa kamfanin. Sun gayyato ta ta sa albarka, an zagaya da ita jiya, ta ce tun daga lokacin ba ta iya cin abinci ba. Wai sun ba Pakku gashin ido kamar 'yar rawa. Amma abin da ya fi ƙona mata rai Magru ne.

"Ka ga haƙoran da suka sa masa? Ka ga jajayen idanu? Waye wannan? Ni ban san shi ba."

Na ce ai mugun labarin ne. Ta buga sandarta a ƙasa.

"Wa ya ce maka mugu ne? Ka kalli katun ɗin kuwa?"

Na ce minti goma.

"Ya nuna. Magru tsoho ne mai ciwon haƙori. Hamma yake yi, kwalekwalen ya faɗa bakinsa. Kunya ce take kama shi, shi ya sa yake gyatsar. Yayan babana na zana, mai jirgin fito a kogin Godavari. In ya sumbace mu a goshi sai mu gudu muna dariya, mu dawo ya sake. Bakinsa kifi da taba da hing, ƙaron nan mai wari da ake sa wa miya, ga kanumfari kullum a kunci saboda haƙorin. Wari yake, amma namu ne. Kai kuma ka je ka haɗa musu gawa."

Na ce umarni aka ba ni. Ta ce, "A shekarunka?"

Tsohuwa mara kunya. Na raka ta har mota, ta ƙi riƙe hannuna.

Laraba, 25 ga Oktoba

Kanumfari.

Ban kwashe kwalaben ba.

Alhamis, 26 ga Oktoba

Na kalli kashi shida na katun ɗin a jere da safe bayan Nuzhat ta fita. Shirme ne. Muryar ɓaunar na shiga min kai kamar ƙusa. Kadan dai, gaskiyar tsohuwar ne, yana ɗaure da ƙyalle a haɓa, kullum yana ba da haƙuri.

Na zubar da kabejin da kitsen a makwarara. Na ce wa Nuzhat ta kai ni kasuwa. Ba ta tambaye ni batun jirgin ba, ni ma ban ɗauko shi ba. Mun sayo hing mai kyau, busasshen kifin kogi, ganyen taba, tsohon buhun rama, man kanumfari. Ta riƙe jakar a nesa da jikinta. Na ce ashe dai hancin na aiki. Ba ta yi dariya ba.

Litinin, 30 ga Oktoba

Ya ƙi haɗuwa. In na sa kanumfarin da yawa ya zama shagon mai cire haƙori, in na rage kifin ya danne shi. Na yi goma sha ɗaya, duk na zubar. Kaina na sarawa. Rigunana duka sun ɗauki ƙarni, mai wanki ya ƙara min magana.

Laraba, 1 ga Nuwamba

Nuzhat ta shigo ɗakin gwajin ta tsaya a bakin ƙofa tana kallona. Can ta ce, "Dole ne a kwalba ɗaya za su zauna?"

Na ce haka ake turare.

Ta ce, "Ina da bututu uku a bakin kadan. Ka ba ni kifin da hing a na farko. Kanumfarin ya biyo baya shi kaɗai, bayan sun riga sun yamutsa fuska."

Na ce wannan ba haɗi ba ne. Ta ce in shiga kwalekwale.

Karo na farko ke nan da na hau abin. An ɗaure ni da ɗamara kamar akuya. Ruwa ya jiƙa min hula. Bakin ya buɗe, duhu, ɗumi, ƙarnin ya doke ni na kau da kai, sai ga kanumfarin ya iso a makare kamar mai neman afuwa. Na ji wani tsoho a gabana. Wallahi na ji shi.

Na ce ya yi latti kaɗan. Ta rage rabin daƙiƙa. Na ce yanzu ya yi sauri. Sau goma sha huɗu muka zagaya, ita da na'urarta a cinya tana ƙirga, ni ina shaƙa ina ɗaga yatsa. Ba ta jin bambancin, ta faɗa da bakinta, amma in na ce "nan" sai ta kama wurin ba ta sake kuskure shi. A zagaye na tara na yi amai a jakar leda, saboda jijjigar ne ba warin ba. Ta miƙo min ruwa, tana danne dariya.

Abin ƙyama ne dai har yanzu. Dattijo da furfura a cikin kada.

Asabar, 4 ga Nuwamba

Kwalbar mushen ɓeran ta ɓace daga ɗakin gwaji. Vamsi ya neme ta. Na ce ni na zubar, in yana son ta ya bi makwarara. Na kuma ce masa a gaban mutanensa, ranar da yara suka yi amai ba fankar ba ce, shi ne da ni. Ya ce, "Ustad, ba a waiwaye a wannan sana'ar." Amma kunnuwansa sun yi ja.

Mako biyu na makara da wannan maganar. Nuzhat ba ta wurin, wani ne ya kai mata.

Talata, 7 ga Nuwamba

Gwaji na biyu. Da ƙyar aka samu yara, iyaye sun ƙi. Mai sharar nan ta ce 'yarta ba za ta sake shiga ba ko da za a kore ta, ban ga laifinta ba.

Amma Sulochana ta zo, ta ce a gaba za ta zauna. An canza wa kadan idanu, an ɗaura masa ƙyalle a haɓa, ita ta tsaya a kansu sai da aka yi.

Na tsaya a bakin fita. Ihun ruwan sama. Sai na ji "Iiiish!" gaba ɗaya, sai dariya ta fashe, irin wadda yara ke yi har su shaƙe. Suka fito suna toshe hanci suna hura wa juna iska a fuska. Wani yaro mai ƙiba yana ta ihu, "Kakana ne! Wallahi bakin kakana ne!"

Sulochana ta fito a jiƙe, tana goge ido da gefen sari. Na matsa in taimake ta. Ta ce, "Tabar ta yi yawa. Shi ba kullum yake samu ba." Ta wuce.

Tabar ba ta yi yawa ba. Na rage kaɗan dai.

Lahadi, 12 ga Nuwamba

An buɗe. Layi har bakin titi, rana na dukan jarirai, ana sayar da Pakkun roba da hular kada. Vamsi ya gaya wa 'yan jarida cewa tunanin kanumfarin ya zo masa ne a wurin likitan haƙori. Ina tsaye a bayansa.

Ƙamshin ƙasar nan tawa bayan ruwa kuwa ko mutum ɗaya bai ambace shi ba. Na tsaya awa biyu ina saurare. Gyatsa, gyatsa, gyatsa.

Nuzhat ta tsira da aikinta.

Laraba, 15 ga Nuwamba

A tasha ta ɗauki akwatin kwalaben da hannu biyu. Na ce in ta zo gida hutu ta shigo ɗakin tukwane, akwai wutar da ban taɓa iya daidaita lokacinta ba. Ta ce, "Zan duba, Abbu." Ta gyara min wuyan riga. Wai har yanzu ina ƙarni.

Litinin, 4 ga Disamba

Kannauj. Hancina ya dawo, alhamdulillahi, sai da ya ɗauki mako biyu. Yaya Mashkur ya samu abin yi. Duk wanda ya shigo shago sai ya ce, "Ku gaisa da ƙanena, shi ke yi wa kadoji turare." Jikokinsa na bina suna gyatsa. Ba na tanka musu.

Alhamis, 7 ga Disamba

Nuzhat ta kira bayan azahar. Abin da na bar musu ya kusa ƙarewa, mutane sun fi yadda aka zata. Ta ce kada in damu, ta san na tsani aikin, Vamsi ya samo wata masana'anta a Mumbai da za ta kwaikwayi haɗin da sinadarai, in dai na aiko da ma'aunin a rubuce. Ba zan sake taɓa kifi ba har abada.

Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Na ce masana'anta? Su da ba su san hing na gaske daga na jabu ba? Su mayar da shi gawa kamar na farko? Na ce ki gaya wa mai gajeren wandon nan ba wanda zai taɓa min kadana.

Sai ta ce, "Kadanka, Abbu?"

Na ce layin ba ya da kyau, na kashe.

Bakina ne ya suɓuce. Abin ƙazanta ne, ban canza ra'ayi ba. Kawai dai in za a yi, a yi shi daidai.

Kifin kasuwarmu bai kai na can ƙarni ba. Gobe bayan Juma'a zan gangara bakin kogi in tambayi masunta. Sai in san ƙaryar da zan yi wa Yaya in ya ga jakar.